Fitilar da Murjani Ke Ci: Fashin Baƙi Kan Haɗa Hasken LED na Ƙaramin Akwatin Teku a Kano

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san murjani, ko a wuyan kakarsa ya gan shi ko a layin masu kayan ado na Kasuwar Kurmi. Almajiri ma ya san sunan, domin ya zo a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, cikin abubuwan da ake fitarwa daga teku. Amma in ka ce wa mutum wannan jan dutsen ƙashin dabba ne, sai ya dube ka sheƙeƙe. Alhali haka abin yake. Murjani wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushin jiki, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da bakin, suna zaune ɗaruruwa ko dubbai a manne da juna, suna gina wa kansu ƙashi da sinadarin alli da ke narke a ruwan teku.

Sai dai murjanin wuya daban, wanda ake kiwo a akwatin gilashi daban. Na wuya, jan nan, asalinsa daga Bahar Rum yake, yana zaune a kogwannin dutse da lungunan da rana ba ta cika kaiwa ba, kuma da abin da ya cafke a ruwa yake rayuwa. Babu ruwansa da haske. Na kiwo kuwa daga tekuna masu ɗumi marasa zurfi yake fitowa, irin Bahar Maliya da ke gefen Jidda, da tsibiran Indunusiya, da gabar Ostireliya inda jerin tsaunukan murjani ya kai tsawon kilomita 2,300. Wannan kam in babu haske babu shi. Shi ya sa ma gabar tekunmu ta Najeriya ba ta da irin waɗannan tsaunuka: Neja da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi, tekun ya yi duhu, hasken ba ya isa ƙasa yadda ya kamata.

Sirrin yana cikin naman jikinsa. Akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tal, wadda masana ke kira zuzanteli, da ke zaune miliyoyi a cikin fatar murjani. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Shi ya ba ta ɗaki, ya ba ta iskar da yake fitarwa da dattin jikinsa su zame mata taki. Ita kuma ta karɓi haske ta mayar da shi sukari, kamar yadda ganyen dawa ke yi a gona, ta miƙa masa kaso mafi tsoka. Yawancin nau'o'in da ake kiwo, mafi yawan abincinsu ta nan yake zuwa. To ka ga fitilar da ke saman akwatin ba ta kallo ba ce, irin wadda ake sa wa jan kifin ado a falo. Ita ce tukunyar tuwon gidan. In ta yi kaɗan a kwana da yunwa, in ta yi yawa a ƙone.

Fitilun da aka ƙera musamman don wannan aiki suna nan, amma daga waje ake odarsu, kuma da zarar mutum ya lissafa kuɗin fitilar da na dako da canjin dala, sai ya ga ta fi akwatin da duk abin da ke cikinsa tsada. Ba wannan kaɗai ba. Waɗanda suka ƙera su suna tunanin ɗaki ne mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana taɓa digiri 40, kuma kowa ya san halin wutarmu. Wanda ya haɗa tasa da hannunsa ya san inda kowace waya ta nufa, ranar da ƙwai ɗaya ya mutu ya cire shi ya sa wani, ba sai ya jira jirgi ba.

Tambayar farko ita ce launi. Hasken rana da muke gani fari, taron launukan bakan gizo ne, kuma kowane launi yana da lambar tsawon zangonsa da ake aunawa da nanomita: shunayya wajen 400, shuɗi 450 zuwa 480, kore wajen 530, ja daga 620 zuwa 700. Ruwa ba ya barinsu su wuce daidai wa daida. Ja yake fara haɗiyewa, kafin a kai zurfin mita goma ya kusa ɓacewa. Sai ruwan lemo, sai rawaya. Shuɗi ne mai dogon numfashi, shi ke kaiwa can ƙasa. Gansakukar da ke jikin murjani a cikin wannan shuɗin ta saba cin abinci, kuma sinadaran da take kama haske da su sun fi aiki tsakanin nanomita 430 da 470, tare da wani da ke ƙara kamo shuɗi mai sirkin kore. Saboda haka ƙashin bayan fitilar murjani shi ne shuɗi mai duhu na nanomita 450, wanda in ka gan shi za ka tuna da ƙyallen da aka tsamo daga rijiyar baba a marinar Ƙofar Mata.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan harka ko ƙimar bai sani ba. Idon ɗan Adam ya fi ganin kore mai sirkin rawaya, wajen nanomita 555, shuɗi mai duhu kuwa da ƙyar yake kama shi. Ma'aunin lumen da ake rubutawa a kwalin ƙwan fitila, da wanda manhajar waya ke nunawa in ka ɗora ta ƙarƙashin haske, duk a kan idon mutum aka gina su. Shi ya sa kamfanoni ba sa auna ƙwan nanomita 450 da lumen, da miliwat suke auna shi. Za ka kunna shuɗaye shida ka ga ɗakin dishi-dishi, ka ce ai ba su da ƙarfi, ka ƙara wuta, alhali murjanin da ke ƙasa tuni ya fara gasuwa.

Ma'aunin da ya dace sunansa PAR, yana ƙirga ƙwayoyin hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 da ke sauka a kan wuri cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakar ranar Kano in sama ta yi wasai tana kusan 2,000. Masu kiwo sun saba ba murjani mai taushi, irin mai kama da lema da mai kama da ciyawa, tsakanin 50 da 150. Masu ƙashi da manyan baki kusan haka ko sama kaɗan. Masu rassa kamar ƙahon barewa, irin Akurofora, su ne ke son 200 zuwa 350, kuma su ne masu saurin fushi. Shawarata ga wanda ke Kano, ya manta da Akurofora tukuna. Na'urar auna PAR tana da tsada, don haka yawancinmu da lissafi da kallon murjanin kansa za mu yi aiki, zan zo kan wannan.

Abin mamaki, wannan shuɗin ƙwan da yanzu ake sayarwa a banza shi ne ya fi ba masana wahala. Ja da kore sun daɗe da samuwa, amma shuɗi mai ƙarfi sai a 1993 Shuji Nakamura ya fitar da shi a kamfanin Nichia na Japan, kuma a 2014 shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka samu kyautar Nobel a kansa. Farin ƙwan LED da ke tocilar wayarka ma shuɗi ne aka shafa masa wani rawayan sinadari a fuska, wani kaso na shuɗin ya koma rawaya, su haɗu ido ya ga fari. Wato ko farin da za ka sa, akwai shuɗi a cikinsa.

Bari mu ɗauki akwati irin nawa: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, kimanin lita 54. Ƙwayaye goma sha biyu masu wat 3 sun ishe shi har da saura. Shida shuɗi na nanomita 450, huɗu fari mai sanyi da aka rubuta wa 6500K, biyu shunayya na nanomita 410 zuwa 420. Wato shuɗi da danginsa biyu, fari ɗaya. Farin aikinsa ya cike sauran launuka kuma ya sa ka ga kifinka da kamanninsa, don in shuɗi zalla ne komai zai koma kamar an tsoma shi a baba. Shunayyar da shuɗin kuma su ne ke fito da abin da ke sa mutum ya kamu da son wannan kiwo: murjani yana da wasu sinadarai a fatarsa da ke shan shuɗin haske su mayar da shi kore shar ko ruwan lemo, ya riƙa walƙiya kamar an kunna shi daga ciki. Wasu na ƙara ja da kore. A ƙaramin akwati ban ga amfaninsu ba, farin ya riga ya ɗauko su, kuma ja in ya yi yawa gansakukar banza ce ke cin moriyarsa ta lulluɓe gilashi.

Ka sayi ƙwayayen da aka riga aka liƙa a kan ɗan faifan alminiyum mai siffar tauraro, mai faɗin milimita 20, da alamar tarawa da ta ɗebewa a jiki. Na Cree da Luxeon su ne sanannu wajen inganci. Fararen ƙwayaye da waya da dalma da fanka ana samu a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari, amma shuɗin 450 da shunayyar galibi sai an yi oda. Kada mai shago ya ce maka “Alhaji, ga shuɗi nan ai duk ɗaya ne” ka yarda. Shuɗin ado na motoci da kantuna ya fi haske a ido, amma lambar ita ce abin dubawa. Masu arha marasa suna kuma, ko an rubuta wat 3, ka ɗauke su a matsayin masu wat 1 da rabi, ka ba su rabin wutar. Araha ba ta ado.

Yanzu ga inda na fara yin asara. Karon farko na jera ƙwayaye uku, na lissafa kowane yana son bolt uku da ɗoriya, na ce ai cajar bolt 12 ta yi, na jona kai tsaye. Suka haska kamar walƙiyar damina, na yi ta murna, ba a yi minti biyar ba sai ƙaurin roba, sai duhu. Na kwashi gawarwakin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya juya su a hannu ya ce, “Ɗana, ina linzamin?” Na ce, “Baba, wane linzami kuma?” Sai ya yi dariya.

Abin da yake nufi shi ne, ƙwan LED ba irin tsohon ƙwan fitila mai zare ba ne da ke shan iya cikinsa ya tsaya. Ka ɗauki bolt a matsayin tsayin tankin ruwa a saman gida, amfiya kuma yawan ruwan da ke bi ta bututu. Ƙwan LED kamar ƙofa ce da ba ta buɗewa sai turawar ta kusa bolt 3, amma da zarar ta buɗe, ƙarin ɗan kaɗan a bolt sai ruwan ya ninka. Ga kuma wani mugun hali: in ya yi zafi, bolt ɗin da yake buƙata yana raguwa, sai ya ƙara jan wuta, sai ya ƙara zafi, sai ya ƙara ja, har ya kashe kansa. Saboda haka ba bolt ake ƙayyade masa ba, amfiya ake ƙayyadewa. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira direba, ita ce linzamin: ta riƙe wutar a miliamfiya 700 ko 500 cak, bolt ɗin kuma ya daidaita kansa.

Direban da masu haɗa fitilar murjani suka fi sabawa da shi shi ne jerin LDD na kamfanin Mean Well, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana. LDD-700H yana karɓar bolt 9 zuwa 56, ya fitar da miliamfiya 700; akwai ɗan uwansa mai 500. Ana jera ƙwayayen ne kai da wutsiya, ɗebewar wannan ta shiga tarawar na gaba, kamar raƙuman ayari, ta yadda wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. A irin wannan jeri bolt ne ke taruwa. Shuɗaye shida, kowane bolt 3.2, sun ba da 19.2. Direban yana son a bar masa rarar bolt uku zuwa huɗu a sama, don haka tushen wuta mai bolt 24 ya ɗauki shida lafiya lau, bakwai kuwa sun yi masa yawa. Jeri na farko ke nan: bolt 19.2 sau amfiya 0.7 (wato miliamfiya 700), kimanin wat 13 da rabi. Jeri na biyu, farare huɗu da shunayya biyu, ka ɗora su a kan direba mai 500, domin shunayya ba ta jure wuta kamar shuɗi. Wannan kimanin wat 10. Jimilla wat 23 zuwa 24. Tushen wuta mai bolt 24 da amfiya 2 ya wadatar, har da fanka.

Kada ka raba direba ɗaya ga jeri biyu kafaɗa da kafaɗa don tsimin kuɗi. Ba za su raba wutar daidai ba, kuma ranar da ƙwai ɗaya ya yanke a jeri guda, duk wutar za ta afka wa ɗayan. Kowane jeri da direbansa. Kada ka jona ko ka cire ƙwayaye direba na kunne. Kuma wayar ɗebewa da ke fita zuwa ƙwayaye kada ta haɗu da ta ɗebewar da ke shigowa daga tushen wuta, ko da launinsu ɗaya. A irin wannan direba ba hanya ɗaya ba ce.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne ainihin jarrabawar mai wannan aiki a Kano. Ana cewa LED ba ya zafi, ƙarya ne. Gaskiyar ita ce ba ya jefa zafinsa gaba cikin ruwa kamar tsofaffin fitilu masu wat 150 ko 250 da ake amfani da su a da. Ta baya yake fitar da shi. Fiye da rabin wutar da ya sha zafi take komawa, kuma duk a wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero biyu ba. In ba a janye shi ba hasken ya dusashe, launin ya canza, ƙwan da ya kamata ya yi shekaru ya mutu cikin watanni. Abin janyewar shi ne farantin alminiyum mai kauri, mai haƙarƙari a baya. Lissafin girman farantin da za ka gani a wajen Turawa na ɗakin da ke digiri 22 ne. Naka ɗakin a bazara zai iya kai 35, wato ka fara da bashin digiri goma sha uku tun kafin ka kunna. Don haka ka ninka abin da suka ce. Ga akwatinmu, faranti mai tsawon santimita 40 zuwa 45 da faɗin 12 zuwa 15 ya yi. Alminiyum ɗin taga ya cika siranta. Ka nemi na cikin matacciyar amfilifaya ko tsohuwar inbata a wajen masu gyara, ko ka leƙa wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa.

A bayan farantin ka ɗora fankar kwamfuta mai bolt 12, tana hura iska cikin haƙarƙarin. Tunda tushen wutarka 24 ne, sai ka sa mata ɗan allon rage bolt. In ka sauke ta zuwa 9 ƙararta ta ragu kuma aikin bai tsaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: bayan awa ɗaya a kunne, ɗora yatsa a kan farantin. In za ka iya barinsa har ka ƙirga goma ba tare da ka janye ba, kana lafiya. In ba za ka iya ba, ya haura digiri 55 ko kusa, ka ƙara iska ko ka rage wuta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana cike tsakanin haƙarƙarin ta zame masa bargo, sai an riƙa kaɗe ta da buroshi duk mako.

Tsakanin tauraron da farantin ana shafa man janye zafi, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke sa wa firosesa, shafa kaɗan kamar kwalli, ba lafta shi ba. Sai a ɗaure da ƙananan sukurori biyu, a kula kan sukurun kada ya taɓa wurin liƙin waya. Wata dabara da za ta rage maka zagi: ka narka dalma a wuraren liƙin tun kafin ka ɗaura tauraron, domin da zarar ya hau faranti, alminiyum zai riƙa shanye zafin ƙarfen liƙin, dalmar ta ƙi narkewa. Kafin ka ba da wuta, ka sa mitar gwada wuta ka tabbatar babu wayar da ke taɓa farantin. Kuma kada ka ƙura wa shuɗin nan ido in ya kama, musamman shunayyar. Rashin ganin ƙarfinsu bai hana su cutar da ido ba. Yara ma a hana su leƙawa daga ƙasa.

Wajen jerawa, ka cakuɗa launukan kusa da juna, fari a tsakiyar shuɗaye, gungu biyu a kan farantin. In ka ware shuɗi gefe fari gefe, inuwar kowane dutse za ta rabu launi-launi tana rawa a ƙasan akwati kamar fitilun gidan biki. Ka rataye fitilar santimita 20 zuwa 25 sama da ruwa. A zurfin santimita 30 ba ka buƙatar gilashin tattara haske a kan ƙwayayen. Yana mayar da hasken tsinin mashi, wuri ɗaya ya ƙone, gefe ya zauna a duhu.

Ruwan akwatin yana ɗauke da gishiri giram 35 a kowace lita, kuma gishiri ba ya zama inda aka ajiye shi. Feshin ruwa na tashi, ya bushe, ya bar farin gari da ke cin dalma da waya. Ka sa faifan roba mai garai-garai a ƙarƙashin ƙwayayen, ka riƙa goge shi da ruwan daɗi. Guntun wayar jan ƙarfe ko ɗaya kada ya faɗa ruwan, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani. Aikin liƙi a yi shi nesa da akwati. Tushen wutar da ke shan bolt 230 kuma a kafe shi a bango, sama da inda ruwa zai iya kaiwa, a bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon da ya biyo ta ya zube a ƙasa. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da na famfo nesa ba kusa ba, kuma hannunka kullum a cikinsa yake.

Direban LDD yana da waya ta musamman ta rage haske. In ka bar ta a sake, fitilar na ci da cikakken ƙarfi. In ka haɗa ta da ɗan allon Arduino, wato wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake tsara wa aiki, shi zai riƙa kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, abin da ake kira PWM, ido ya ga kamar hasken ne ya ragu. Da haka ake yi wa murjani alfijir da almuru: haske ya tashi a hankali cikin awa ɗaya, ya tsaya awa bakwai ko takwas, ya sauka cikin awa ɗaya. Amma Arduino ba ya riƙe lokaci, ana ɗauke wuta ya manta ƙarfe nawa. A garin da za a iya ɗaukewa sau biyar a yini, dole ka ƙara masa ɗan agogo mai batirin kansa, irin DS3231, in ba haka ba murjaninka zai ga fitowar rana sau biyar.

Ga wani abu da ya zo mana daidai. Ƙwan LED da direbansa wutar batir suke ci, ba ta soket ba. Wanda ke da sola mai batir na bolt 24 zai iya jona direbobin kai tsaye, da fis a tsakani, ba tare da bi ta inbata ba, kuma hawa da saukar batirin bai dame su ba muddin bai faɗi ƙasa da abin da jerin ke buƙata ba. Wat 24 na awa tara bai wuce awa-wat 220 a yini ba. Sai dai in batir ya yi ƙasa har ya zama dole a zaɓa, a kashe fitila a bar famfon da ke juya ruwa. Murjani na iya jure kwana biyu ko uku babu haske, ai a teku ma ana yin hadari, amma ruwan da ya tsaya cak na 'yan awoyi cikin zafi yana iya kashe akwati gaba ɗaya. Lokacin kunnawa ma zaɓi ne. Mai sola zai so rana, amma zafin Kano ya fi tsanani tsakanin azahar da la'asar. Ni a bazara daga la'asar nake kunnawa zuwa sha biyun dare, ɗakin kuma labule a sauke.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne haske da zafi tare suke yin ɓarna. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. In ruwan ya haura 30 ya daɗe a haka, gansakukar da ke jikinsa ta kasa sarrafa hasken da take karɓa, ta fara fitar da sinadarai masu ƙona nama, sai murjanin ya kore ta. Ya zama fari fat, ƙashinsa na bayyana ta cikin fata, ba shi da mai dafa masa abinci. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998, ya kuma sake afka wa tsaunukan Ostireliya a 2016 da 2017. A lita 54 abin ba ya buƙatar shekara, mako guda na Afrilu ya isa. Duk ranar da ma'aunin zafin ruwa ya taɓa 29, ka sauke hasken da kashi ɗaya cikin uku, ka sa fanka tana hura saman ruwan, ka riƙa cike abin da ya ƙafe da tataccen ruwan daɗi, ba na gishiri ba, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba.

Ranar farko kada ka wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin fitilar, ko da idonka na ce maka duhu ne. Ka ƙara kashi biyar duk mako, kana kallo. Murjanin da ke samun abin da ya ishe shi yana buɗewa sosai, launinsa na nan daram. In ya fara miƙa wuya sama yana siranta, ko ya koma ruwan ƙasa kamar kunun kanwa, hasken ya yi masa kaɗan, ko kuma ruwan ya yi datti. In ya ƙanƙame ya ƙi buɗewa da rana, ko samansa ya fara koɗewa alhali gefen da ke inuwa na da launi, ya yi yawa, ka koma baya nan take ka sauke shi zuwa ƙasan akwati. Wanda ya yi duhu don ƙarancin haske yana dawowa cikin makonni, wanda ya yi fari kuwa sai an yi watanni ana lallaɓa shi, wani ma ba ya tashi. Nawa akwatin, mai murjani masu taushi zalla, shuɗin bai taɓa wuce kashi 60 ba, farin kuma yana kan 35.